Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnatin Jihar Kano Da Majalisar Masarauta Kan Abin Da Ya Rage Na Tsohon Birni

Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Mai Girma Shugaban Majalisar Dokokin Jiha da sauran 'yan majalisa,
Mai Martaba Sarki da 'yan majalisarsa, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin wasu dattawan cikin birni da muka daɗe muna zama tare bayan sallar la'asar. A cikinmu akwai tsofaffin malaman makaranta irina, akwai magina da marina, akwai wanda ya yi dako a zamanin dalar gyaɗa, akwai kuma wanda ya yi shekara ashirin a masaƙa kafin a rufe ta. Ba mu da ƙungiya, ba ma kuma magana da yawun wata jam'iyya. Abin da ya haɗa mu shi ne a cikin badala aka yanke mana cibiya, kuma Allah ya ja kwananmu har mun ga garin da muka sani yana zagwanyewa a gabanmu, bango bayan bango, ba tare da wani ya tsaya ya rubuta abin da aka rasa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne a ido. Bayan daminar bara na fita da jikana ɗan shekara tara, muka bi ta gefen wani ɓangare na ganuwa da na sani tun ina ɗan ƙarami, inda muke hawa da yamma muna hango shanu suna komawa ruga. Yanzu abin da ya rage a wurin bai kai tsayin kafaɗata ba, an jingina masa rumfar mai faci ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ledoji ne suka rufe shi. Yaron ya dube ni ya ce, “Kaka, wa ya tara wannan juji a nan?” Na rasa amsar da zan ba shi nan take. Ba laifinsa ba ne, domin abin da idonsa ya nuna masa ke nan, kuma babu allo ko rubutu a wurin da zai gaya masa cewa yana tsaye ne a gaban ɗaya daga cikin manyan gine-ginen da hannun ɗan Adam ya taɓa yi a wannan yanki na Afirka.

Ranku ya daɗe, kun fi mu sanin tarihin wannan ganuwa, amma ina roƙon ku bar ni in tuna shi saboda masu karatu. Kundin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa. A ƙarni na 17 Muhammadu Nazaki ya ƙara faɗaɗa ta. Lokacin da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, Gwamna Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, da kansa ya rubuta cewa tsayinta ya kama daga ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta daga ƙasa ya kai ƙafa 40, ya kuma ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Wanda ya turo soja da igwa don su fasa ta ne ya ba ta wannan shaida. A 1959 aka sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare. A 2007 Najeriya ta miƙa sunanta, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin wuraren da ake neman Hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Har yau sunan yana nan a jerin masu jira. Maƙwabtanmu na Agadas, waɗanda su ma da ƙasa suka gina garinsu da hasumiyarsu, sun samu wannan matsayi a 2013, saboda da masu dubawa suka je sun tarar da abin dubawa.

Ganuwar da ta jure wa yaƙe-yaƙe na ɗaruruwan shekaru, a zamanin zaman lafiya ne take ƙarewa. Masu ɗiban ƙasa suna sassaƙar ta da dare, wani lokaci ma da rana tsaka. Ana yanka filaye a jikinta, a gina shago ko gida, a kawo takarda a ce an mallaka. Inda ba a gina komai ba, an mayar da shi bola da makewayi. Ruwan sama kuma yana cin rabonsa kowace shekara, tunda yaɓen da kakanninmu suke yi mata ta hanyar aikin gayya ya daɗe da tsayawa. Ba mu ɗora wannan laifi a kan gwamnati ɗaya ba, domin ɓarnar ta ratsa mulkin soja da na farar hula, kuma mu talakawa muna da hannu a ciki: wanda ya sayi fili a kan badala ɗan gari ne, wanda ya zuba shara ma ɗan gari ne. Amma ikon hanawa a hannunku yake.

Ƙofofin gari su ma ba su tsira ba. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, ƙofar da ta haura shekara ɗari biyar a tsaye, sannan aka maye gurbinta da ta siminti. Haka aka yi wa yawancin sauran. Mun san motoci sun yi yawa, mun san ƙofar da aka gina domin jaki da raƙumi ba za ta ɗauki tirela ba, kuma babu ɗaya daga cikinmu da yake son a bar mutane cikin cunkoso saboda tarihi. Sai dai magabata sun riga sun nuna hanya. Da buƙata ta taso a zamanin Turawa, an buɗe Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo, aka bar tsofaffin a inda suke. Ana iya karkatar da titi ya bi ta gefen tsohuwar ƙofa, a bar ta a tsakiya kowa ya gan ta. Ƙofar siminti mai fenti tana riƙe da suna kawai, ba ta nuna wa yaro duhun zauren da Sarkin Ƙofa yake zama, ko kaurin bangon, ko inda ake saƙala ƙyaure idan magariba ta yi.

A nan nake son in ɗan daɗe, domin mahaifina, Allah ya ji ƙansa, magini ne, kuma a gindinsa na fahimci cewa abin da muke asara ya wuce bango. Na tashi ina ganinsa yana kwaɓa ƙasa da ciyawar ramno, a bar ta ta kwana tana tsima, sannan a mulmula tubali mai siffar ƙwai, a shanya, a jera shi kai sama. Na ga yadda ake jera azara a ɗaure bakan gizo, a haɗa ɗaurin guga a tsakiyar soro ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba. Idan an zo kare bango daga ruwa, akan jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba. Idan kuma rufin soro ne ko bakin indararo, laso ake yi, shi kuma laso haɗi ne na katsi da gashin jima da dafara. Katsin daga karofi ake samunsa, wato abin da ya kwanta a ƙasan rijiyar rini, a kwashe a ƙone shi. Gashin kuma daga majema yake fitowa. Ku duba, ranku ya daɗe, yadda sana'o'i uku suke riƙe da juna: abin da marini da majemi za su zubar, shi ne simintin magini. Ranar da karofi ya mutu, magini ya rasa laso, ranar da magini ya rasa laso kuma, soron da ya shekara ɗari biyu sai ya fara yoyo, mai gida ya gaji ya rushe ya sa bulo da kwano.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana nan, amma duk wanda ya leƙa zai ga rijiyoyin da suka bushe sun fi masu baba yawa, masu aikin kuma mafi yawansu furfura ta kama su. Wannan ita ce sana'ar da Barth, Bajamushen matafiyin da ya zo Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafinta suke kai wa har Timbuktu da Tarabulus. Maginan gargajiya da suka rage su ma sun tsufa, 'ya'yansu sun koma wasu sana'o'i saboda babu mai kiransu aiki. Ko da a ce gobe an ware kuɗi masu yawa don gyaran ganuwa, idan waɗannan dattawa sun riga sun kwanta dama, babu injiniyan da zai san yadda ake yi, sai dai a lulluɓe ta da siminti, shi kuma siminti a kan ginin ƙasa yana tare danshi a ciki har bangon ya rube. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari ne suke fita kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa masallacin yake tsaye, shi ya sa kuma maginan ba su ƙare ba.

Ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen birni, daga kududdufai aka haƙo ta, su kuma kududdufan suka zama matattarar ruwan damina. An cike da yawansu an yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa, shi ya sa unguwannin da a da ba su san ambaliya ba yanzu suke kwana a tsaye duk lokacin da hadari ya haɗu.

Sai kuma tarihin kasuwanci, wanda shi ne ya sa ake yi wa garin nan kirari da tumbin giwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma daga nan ne attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka yi suna. Ni na ga dalar gyaɗa da idona a wajen Ƙofar Mazugal. Dala ɗaya takan ɗauki buhu har 15,000, 'yan dako suna hawa da buhu a ka, suna taka buhunan da aka riga aka jera kamar matakala, suna waƙa, idan an kai ƙololuwa a lulluɓe da tamfol. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin ƙasa daga noma, su suka kawo ƙarshen wannan zamani. Ba mu ce a dawo da dala ba, mun san yanayi ya sauya. Abin da ke mana ciwo shi ne yaro zai wuce ta wurin sau dubu bai san cewa daga nan aka ciyar da baitulmalin Arewa ba. Haka labarin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa yake. Akwai lokacin da idan an tashi daga aiki kekuna suke cika titi, magidanta dubbai suna komawa gida da albashin masaƙa da majema da kamfanonin mai da alewa. Rashin wutar lantarki, da shigowar kayan waje masu araha, da tsarin tsuke bakin aljihu da aka fara a 1986, sun rufe da yawa daga cikinsu, wasu sun koma ɗakunan ajiya. Ma'aikatan suna nan da ransu, kowannensu da labarinsa a baki, babu wanda ya je ya ɗauka.

Gidajen sinima ma wani babi ne, ko da yake na san iyayenmu da malamanmu ba su taɓa yarda da su ba, ni ma ba kare su na zo yi ba. Amma Rex da Palace da Plaza da El Dorado da Orion sun taɓa zama a garin nan, sun shafi yadda matasa suke magana da yadda suke sa tufafi, kuma wanda yake son ya fahimci asalin finafinan Hausa na yau dole ya bi ta kansu. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Wannan musiba ce da ta taɓa gidaje da yawa a garin nan, ta kuma cancanci a riƙa tunawa da ita ko don a yi wa mamatan addu'a, amma ƙalilan ne a cikin matasanmu suka taɓa jin labarinta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne takardu da muryoyi, domin bango idan ya faɗi ana ganin kufai, takarda kuwa idan ta lalace babu alama. Shekarun baya na je wani ofishi neman tsohuwar taswirar unguwarmu. Ma'aikacin, mutumin kirki, ya buɗe mini wani ɗaki da rufinsa yake yoyo, na ɗaga fayil na farko, gara ta cinye tsakiyarsa, sai gefe-gefe ya rage a hannuna kamar ganyen da fara ta bari. Na fito ban sami abin da na je nema ba. Tun daga ranar nake tunanin sauran abubuwan da ya kamata a tattara tun kafin irin haka ta same su: kofen jaridar Triumph da aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, da 'yan uwanta Albishir da Alfijir wadda ake bugawa da ajami, da faya-fayan Rediyon Kano, da kasakasan tashar CTV wadda yanzu ake kira ARTV, da littattafan hannu da suke cikin gafakar gidajen malamai.

Su kansu sunayen unguwanni littafi ne da ba a karanta wa yara. Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi suna faɗin daga inda baƙin Kano suka zo. Alfindiƙi kalmar Larabci ce ta masaukin fatake. Dandalin Turawa ya samo sunansa ne daga Larabawan arewacin Afirka, tun kafin Nasara su zo su gaji sunan. Madabo tana tuna mana da Wangarawa, Sharifai kuma da zuwan Shehu Magili a zamanin Rumfa.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ga abin da muke roƙo.

Kafin komai, a auna duk abin da ya rage na ganuwa, a zana shi a taswira, a buga kowa ya gani, sannan a dakatar da bayar da takardar fili ko izinin gini a kanta da kuma a tazarar da masana za su ƙayyade daga jikinta. Muna roƙon Majalisar Dokoki ta yi doka ta jiha mai hukunci bayyananne, wadda za ta ƙarfafa ta tarayya, ta kuma hau kan babba kamar yadda za ta hau kan ƙarami. Idan mai ɗiban ƙasa a baro ne kaɗai ake kamawa, mai gina jerin shaguna yana wucewa, dokar ba za ta yi kwarjini ba. A cikin dokar a sa sharaɗin cewa babu wani tsohon gini na jama'a da za a taɓa sai an sanar da mutane, an saurari ra'ayinsu, an ɗauki hotonsa da awonsa an adana. Wannan sharaɗi ya shafi kowace gwamnati, ta yau da ta gobe, domin mun gaji da ganin wannan ya gina wancan ya rushe, gari yana asara sau biyu.

Ga Majalisar Masarauta, Allah ya taimaki Sarki, muna roƙon a farfaɗo da yaɓen ganuwa na shekara-shekara kafin faɗuwar damina, a raba wa unguwanni ɓangare-ɓangare ƙarƙashin dagatai da masu unguwanni da sarakunan ƙofa, Sarkin Magina ya ja ragamar aikin. Mutanen Kano da suke fita dubbai don kallon hawan daushe ba za su ƙi fita rana ɗaya don gyaran gadon kakanninsu ba, idan daga fada kiran ya fito. Gwamnati kuma ta ɗauki nauyin matasa su koyi ginin ƙasa da rini a hannun dattawan da suka rage, a biya malamin, a biya ɗalibin, a kuma ba su aikin gyaran Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa (laƙabin Bature Hanns Vischer ke nan) da tsofaffin masallatai, domin wanda ya koyi sana'ar da ba ta ciyar da shi zai bar ta.

Muna roƙon a ba Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha kuɗi da ma'aikata da na'urorin da za ta ɗauki tsofaffin jaridu da hotuna da faya-fayai ta zuba su a kwamfuta, a haɗa hannu da Jami'ar Bayero da Gidan Mambayya, a tura ɗalibai gida-gida su naɗi muryar tsofaffin 'yan dako da ma'aikatan masaƙa da direbobin jirgin ƙasa da matan da suka yi kaɗi da saƙa. Wannan aiki shi ne mafi gaggawa, domin a majalisarmu kaɗai mun binne mutum uku cikin shekara biyu, kowannensu ya tafi da abin da shi kaɗai ya sani.

Roƙo na ƙarshe shi ne mafi sauƙi a aljihu. A kafa alluna da Hausa, boko da ajami, da kuma Turanci, a kowace ƙofa, da gindin Dala da Goron Dutse, da filin da dalar gyaɗa ta tsaya, da inda jirgin sama ya fara sauka a 1925, da inda makarantar Ɗan Hausa ta fara a Nasarawa a 1909, da mashigar kowace tsohuwar unguwa. A kuma wajabta wa makarantun firamare na jiha su kai ɗalibansu waɗannan wurare ko da sau ɗaya kafin su gama aji shida.

Mu dattawan da muka aiko da wannan wasiƙa a shirye muke mu zagaya da duk jami'in da kuka turo, mu nuna masa inda kowane abu yake da inda ya taɓa kasancewa, ba tare da neman ko sisi ba. Muna fatan a turo shi kafin damina ta gaba ta sauka.

Allah ya ja zamaninku, ya yi muku jagora, ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Tsohon malamin makaranta, a madadin wasu dattawan cikin birnin Kano